Kwana biyu a faƙon Black Rock, inda ake harba rokoki

Tun kafin in taka ƙasar Amurka ɗan yayata yake yi mini maganar wannan tafiya a waya. "Kawu, in dai zuwanka ya faɗo a watan Satumba, sai na kai ka inda za ka ga abin da kake rubuta wa yara a allo yana tashi sama." Shekara 19 ke nan ina koyar da fiziks a sakandare. Na rubuta dokar Newton ta uku a allo ban san iyaka ba, na sha hura balan-balan in sake shi a aji don yara su gane yadda roka ke tura kanta, amma ban taɓa ganin roka ta tashi ba sai a talabijin. Shi yaron yana karatun injiniya a Reno, jihar Nevada, ya shiga cikin masu haɗa rokoki don sha'awa, kuma a wannan fita ce zai yi gwajin samun shaidarsa ta matakin farko ta harba manyan rokoki.

Muna saukowa daga masallacin Juma'a muka ɗauki hanya. Bayan motar cike yake da jarkokin ruwa, tanti, rumfar leda, shebur, da rokar tasa a naɗe cikin bargo kamar jariri. Na ce ruwan bai yi yawa ba? Ya ce inda za mu babu famfo, babu rijiya, babu bishiya ko ɗaya, abin da ka kai shi za ka sha. Muka yi gabas a babban titi har Wadsworth, sannan muka miƙi hanya mai lamba 447 zuwa arewa, ta cikin ƙasar ƙabilar Paiute kusa da tafkin Pyramid. Daga nan sai tsaunuka tsirara da ƙananan ciyayi masu launin toka. Kimanin kilomita 170 ne daga Reno zuwa Gerlach, ɗan ƙaramin gari a gefen layin dogo, nan ne gidan mai na ƙarshe. Muka cika tanki, muka ƙara gaba kaɗan, sai ya karya kan mota ya sauka daga kwalta.

Gani ya kori ji. Faƙo ne fari fat, shimfiɗaɗɗe kamar an bi shi da daɓe, ya tsattsage irin yadda ƙasan tafki ke yi da rani, daga ƙarƙashin tayarmu har inda ido ya ƙare. Su suna kiransa playa. Ƙasan wani tsohon tafki ne mai suna Lahontan da ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce, kusan mita 1,200 sama da teku. Ba titi, ba alama, sai sawun tayoyi. Yaron ya ce in ka ga wuri ya yi duhu-duhu kada ka kusance shi, laka ce a ƙarƙashi, in ta riƙe mota sai an zo da wata ta ja. A kan wannan faƙo ne Andy Green ya tuka motar ThrustSSC ranar 15 ga Oktoba 1997 da gudun kilomita 1,228 a awa, ya wuce gudun sauti. A nan kuma, ranar 17 ga Mayu 2004, wasu masu sha'awa suka harba rokar GoFast ta kai kilomita 116, ta zama ta farko da hannun ƴan sa-kai ya kai sararin samaniya. Ina jin waɗannan labarai, amma hankalina yana kan ƙurar. Laushinta kamar garin fulawa, ga kaifi irin na kanwa, kafin magariba leɓena ya bushe, yatsuna sun fara fasowa kamar tsakiyar hunturu.

Zangon layi ɗaya ne dogo: motoci, tantuna da rumfuna duk a bayan wata igiya da aka ja da ƴan tutoci. Gaban igiyar babu kowa. Da rana ta faɗi sanyi ya sauko a take. Muka duba alƙibla a waya ta nuna arewa, ta ɗan karkata gabas, abin da ya ba ni mamaki har sai da na tuna cewa duniya dunƙulalliya ce kuma hanya mafi kusa zuwa Makka daga nan ta arewa take bi. Muka yi alwala da ruwa kaɗan, muka yi salla a kan bargo. Can cikin dare na fito na ga Kaza da Ƴaƴanta sun hau, taurari sun cika sama har ƙasa ta kowane gefe, ga fitilar jirgin ƙasa tana rarrafe a can gindin tsauni ba ka ko jin ƙararsa.

Ƙarfe 8 na safe aka busa ƙaho, kowa ya taru a gaban wani tebur. Wani dattijo mai farin gemu, sanye da riga mai launin ruwan lemo, ya hau kan akwati. A bakinsu sunan muƙaminsa RSO, wato jami'in da ke da alhakin lafiyar fili. Ni dai tun daga ranar nake kiransa sarkin fili, don yadda sarkin kasuwa yake a kasuwa haka yake a nan, in ya ce a tsaya an tsaya. Bai yi dogon jawabi ba. Ya ce ya riga ya kira masu kula da zirga-zirgar jiragen sama, izinin da hukumar FAA, mai kula da harkar jiragen sama a Amurka, ta ba su ya fara aiki, ya faɗi iyakar tsayin da aka yarda a kai da lokacin da izinin zai ƙare. Ya ce ba a harba roka cikin gajimare. In iska ta wuce mil 20 a awa, wajen kilomita 32, za a rufe fili. Ba wanda zai tsallake igiya sai mai lasifika ta ce an buɗe. In aka ce kai sama, kowa ya miƙe tsaye, ya fito daga rumfa, ya nemo rokar da ido, ya nuna ta da hannu don na kusa da shi ya gani. Ya nuna inda tukwanen kashe gobara da akwatin magani suke. Sai ya ɗaga wata takarda ya ce akwai guraben aiki na awa bibbiyu da ba a cike ba, kuma ba za a fara harbi ba sai an cike su. Nan take mutane suka yi layi suna rubuta suna. Duk wanda na gani yana aiki a filin nan, har shi dattijon, ba wanda ake biya ko sisi.

Daga igiya na tsaya na ƙare wa filin kallo, sai na ga ai darasin aji ne aka shimfiɗa a ƙasa. Injin roka da harafi ake kiransa, kuma kowane harafi ya ninka na bayansa ƙarfi sau biyu. A ma'aunin jimillar turin inji, wato Newton-sakan, A yana tsayawa a 2.5, B a 5, C a 10, haka har G a 160. Daga H, mai kaiwa 320, an shiga manya, waɗanda ba a sayar wa mutum sai da shaida. M yana kaiwa 10,240. Sandunan harbin ma haka aka jera su. Na yara, masu injin D zuwa ƙasa, ƙafa 15 ya isa tsakaninsu da mutane. Na H da I da J suna ƙafa 100, kimanin mita 30. K ƙafa 200, L ƙafa 300, M ƙafa 500. Na N kuwa ƙafa 1,000, can nesa sai ka ƙanƙance ido, da mota ake kai roka wurin. In roka tana da hawa biyu ko inji biyu zuwa sama, sai a ƙara mata nisa. Kowace sanda da lambarta a rubuce da manyan baƙaƙe, kowace da wayarta da ta taho har teburin harbi, kuma duk an ɗan karkatar da su suna kallon faƙo, sun ba zango baya.

Wajen ƙarfe 9 yaron ya ɗauko rokarsa muka shiga layin duba. Tsawonta ya kai ƙirjina, kaurinta santimita 10, jikinta bututun kwali mai tauri, fikafikanta uku na falanki, ya yi mata fenti kore da fari. Wata biyu ya yi yana haɗa ta a ɗakinsa. Ya cike katin tashi: sunansa, lambarsa ta ƙungiya, nauyin roka, injin da ke ciki, tsayin da yake sa ran za ta kai, yadda laimar da za ta sauko da ita za ta fito, da alamar cewa wannan tashin gwaji ne.

Sarkin fili ya karɓe ta da hannu biyu. Ya kama kowane fiffike ya girgiza. Ya riƙe ta ta hula, wato kanta mai tsini, ya ɗaga, don ya ga hular ba ta yi sako-sako ba kuma ba ta matse ba. Ya leƙa gindi ya taɓa abin da ke riƙe da inji. Ya tambayi yadda aka ɗaure igiyar laima, ya tambayi sakan nawa tsakanin ƙarewar wuta da fitowar laima. Yaron yana amsawa tiryan-tiryan, ni kuma ina bayansa ƙirjina ya cika. Sai dattijon ya ɗora rokar a kan yatsunsa biyu, yana matsar da ita har ta tsaya daidai, ba ta rinjaya gaba ko baya ba. Ya sa babban yatsa a wurin, ya dubi wani ɗigo da yaron ya yi da alƙalami a can ƙasa kusa da fikafikai. Ya yi shiru.

Abin da yake aunawa shi ne wannan. Roka tana da wurin da nauyinta ya daidaita, tana kuma da wurin da iska ke taruwa ta tura ta. Dole wurin nauyi ya kasance a gaba, wurin iska a baya, kuma ƙa'idar da suke bi ita ce tazarar ta kai aƙalla kaurin jikin rokar sau ɗaya. In haka ne, ko iska ta ture hancinta sai gindi ya komo da ita kan hanya, kamar mashi mai nauyi a kai. In tazarar ta yi kaɗan, sai ta yi ta lilo, in abin ya ɓaci ta wuntsila tana wuta, ba wanda ya san inda za ta nufa. Tazarar rokar yaron rabin kauri ce kawai.

"Da wane inji ka yi lissafinka?" in ji dattijon. Yaron ya faɗa. Ashe wanda ya yi lissafi da shi a kwamfuta ya ƙare a wurin mai sayarwa, ya karɓi wani H ɗin da ya fi tsawo da nauyi, nauyin ya koma baya. Ya fara cewa a ganinsa za ta tashi lafiya tunda iska ba ta da yawa. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya miƙa masa rokar da katin ba sa hannu, ya ce, "Wataƙila ta tashi lafiya. Amma akwai yara a bakin igiyar can, ni kuwa ba na sa hannu a kan wataƙila. Ƙara mata nauyi a hula ka dawo, ba sai ka sake bin layi ba."

Na ga idon yaron ya kaɗa. Muka koma rumfa bai ce uffan ba. Ni ma abin ya sosa mini rai, don na san wahalar da ya sha, amma a matsayina na malami na san dattijon ya yi daidai, kuma yadda ya yi shi ne ya fi burge ni: bai kunyata shi ba, bai kuma sassauta ba. Maƙwabcinmu, wani tsohon makaniken jiragen sama da ke fama da tasa rokar, ya ji abin da ya faru, ya jawo akwatinsa ya zubo notuna, ya kawo gam mai kala biyu da ake cuɗawa da ɗan ƙaramin sikeli. Suka yi ta saka noti suna ɗora rokar a yatsa har tazarar ta wuce kauri ɗaya, sannan suka dama gam suka zuba a can ƙurewar hula. Tsohon ya tuna masa cewa tunda ta ƙara nauyi ba za ta kai tsayin da ya rubuta ba, za ta isa ƙololuwa da wuri, don haka sai an rage jinkirin laima. Ya ba shi wani ɗan abin huda da ake murzawa a rage sakan biyu. Aka ajiye hula a tsaye a inuwa gam ya kama.

Kafin ya bushe ne na samu nawa aikin. Wata mata mai riƙe da takardar ƴan aiki ta ce suna neman mai duban sama, ba ya buƙatar shaida, ido kawai. Na ce ina da shi. Aka ba ni kujera kusa da teburin harbi, aka ce aikina ɗaya: kafin kowace ƙirga in waiwaya ko'ina, in na ga jirgi ko na ji ƙararsa in ɗaga hannu in ce a tsaya.

Daga wannan kujera na gane yadda filin ke tafiya. Mai harbi, wadda suke kira LCO, mace ce mai kimanin shekara 50, lasifika a hannu ɗaya, akwatin maɓallai a gabanta, makullin akwatin a rataye a wuyanta. In ta ce fili a buɗe yake, sai ta zare makullin, jama'a su tsallake igiya, masu kula da sanduna su raba musu lamba gwargwadon injin kowa. A can bakin sanda ne mai babbar roka yake saka ashanar lantarki a cikin inji, bayan ya tsayar da rokar tana kallon sama kuma ya kunna na'urorinta. Ba a yarda a saka ta a rumfa ba. Katunan suna dawowa teburin a jere bisa lambar sanda. In kowa ya komo bayan igiya sai ta ce an rufe fili, ta saka makulli, ta ɗauki kati na farko ta karanta: rokar wane ce, nauyinta kaza, injinta kaza. Ta dube ni, in ce sama fes. Ta dubi fili. Biyar, huɗu, uku, biyu, ɗaya. Ba ta ɗaukar kati na gaba sai ta ga laima ta buɗe kuma ta tabbata rokar ba kan mutane za ta sauka ba. In wata ta ƙi kamawa ba ta tsayawa jayayya da ita, sai ta juya katin ta ajiye gefe ta wuce ta gaba, kuma ba mai kusantar wadda ta ƙi sai an yi aƙalla sakan 60 kuma an buɗe fili. Da haka sai ka ga an kwashe jeri guda cikin ƴan mintoci, masu jira sun riga sun tsaya a bakin igiya da katunansu a sa hannu. Na lura ba ta taɓa amsa tambayar kowa in makulli yana ciki. Mai tambaya ya jira ko ya nemi wani.

Da na yi tunanin wannan tsanani zai jawo jinkiri. Abin da na gani shi ne layin bai taɓa cushewa ba, saboda duk wata gardama an gama ta a teburin duba, ba ta isowa bakin sanda. Har jerin harbin ma da dabara: masu zuwa can ƙololuwa da safe ake tura su, lokacin da iska ke kwance, don da rana ta take sai iska ta taso, guguwa ta fara yawo a faƙon.

Sau ɗaya na ɗaga hannu. Tana kan "uku" na ji wani gunji siriri ta bayan tsauni. Na ce a tsaya, muryata har tana rawa, don ban ga komai ba tukuna. Ta ɗauke yatsa daga maɓalli nan take, ta sanar a lasifika, ba ta tambaye ni ko na tabbata ba. Can sai ga ɗan ƙaramin jirgi ya ɓullo yana ratsa gefen fili. Mutum sama da ɗari suka tsaya shiru har ya ɓace. Ta ce na gode, ta soma ƙirga daga biyar. Baƙo ne ni, ban fi awa 20 a wurin ba, amma kalmata ta tsayar da harbi. Daga baya ta gaya mini cewa izinin FAA ba ya rufe sama, sanarwa kawai ake yi wa matuƙa, alhakin kaucewa yana kan masu roka.

Kusan azahar aka harba wata babba mai injin M daga can nesa. Na ga wuta kafin in ji ƙara, sannan ƙarar ta iso ta daki ƙirjina. Ta miƙe kamar an ja zare har ta ɓace, sai farin hayaƙi. Irin waɗannan laima biyu gare su. Na'urar auna tsayi ce ke kunna ɗan albarushi a ƙololuwa ta fitar da ƙaramar laima, rokar ta sauko da sauri don kada iska ta tafi da ita, sai ta kusa ƙasa babbar laima ta buɗe. Muka jira ƙaramar. Shiru. Mai lasifika ta ce ba a ga laima ba, kowa ya tashi. Aka busa ƙaho. "Kai sama! Kai sama!" Mutane suka fito daga rumfuna, wata uwa ta ɗauki ɗanta ta saɓa, hannaye suka fara nuna wuri ɗaya. Sai muka ji fito, siriri yana ƙara kauri, sannan ƙura ta tashi a can tsakiyar faƙo, nesa da mu sosai, a gefen da aka karkatar da sandar. Da shebur aka tono abin da ya rage. Mai ita ya dawo da gutsattsarin a cikin buhu, ya zauna da sarkin fili suka bincika, aka gano wayar batir ce ta zame saboda ƙarfin tashi. Ya karɓi lasifika da kansa ya faɗa wa kowa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa: ina kallo mutane suka koma rumfuna suna buɗe rokokinsu suna ɗaure batir da tef.

Da muke cin abinci maƙwabcinmu ya ba ni tarihin dokokin. A shekarun 1950, musamman bayan Tarayyar Soviet ta harba tauraron ɗan'adam Sputnik a 1957, samarin Amurka suka shiga cusa kawunan ashana da garin sinadarai a bututun ƙarfe, da yawa suka rasa yatsu da idanu. Wani mai sayar da takalma a Nebraska, Orville Carlisle, ya ƙera ɗan inji da aka riga aka haɗa, wanda yaro zai saka a rokar kwali ba tare da ya dama komai ba. Ya aika wa G. Harry Stine, wanda ya yi aiki a filin gwajin rokoki na White Sands. A 1957 suka kafa ƙungiyar masu harba rokoki da ake kira NAR a yau, Stine ya ɗauko tsarin babban fili ya rage shi daidai ƴan wasa: kunnawa da lantarki daga nesa, ƙirga, jiki mara nauyi, laima. Ita da ƙungiyar Tripoli su ne ke ba da shaida hawa uku, na farko H da I, na biyu J zuwa L da jarrabawar rubutu, na uku M zuwa O. Yana magana ina tuna bindigar ashana da muke yi muna yara da wayar keke da ƙusa, da abokina da ta fashe masa a hannu, har yau babban yatsansa da tabo. Mu a lokacin duka aka yi mana aka ce mu bari, ba mu kuma bari ba, ɓoyewa muka koma yi. Na daɗe ina juya wannan a raina a ƙarƙashin rumfar nan.

Wajen ƙarfe 2 yaron ya koma teburin duba. Dattijon ya sake ɗora rokar a yatsa, ya auna tazarar da tafin hannu, ya girgiza hula ya ji ba abin da ke motsi, ya sa hannu. Iska ta fara kaɗa tutoci amma ba ta kai iyaka ba. Ina bayan igiya ina kallonsa a sanda mai lamba 14, ya zura rokar, ya durƙusa ya saka ashana, ya maƙala wayoyi, ya dawo yana goge hannu a wando. Mai lasifika ta karanta katinsa, ta ce wannan gwajin matakin farko ne, jama'a suka yi tafi. Ya kama hannuna. "Kawu, yi mini addu'a." Na ce Allah ya sa a sauka lafiya.

Ta tashi a miƙe, ko karkacewa ba ta yi ba. Wuta ta ƙare, ta ci gaba da hawa shiru, ta rage gudu, ta kwanta a ɗan sama da mita 400, daidai nan muka ga ɗan farin hayaƙi, jar laima ta buɗe. Ban san lokacin da na yi kabbara da ƙarfi ba.

Sai da aka buɗe fili muka tafi ɗauko ta, bayan mun gaya wa maƙwabcinmu inda muka nufa kuma kowa ya ɗauki gorar ruwa. A faƙon nan ido yana yaudara. Abin da na ɗauka tafiyar minti 5 ce ya ci mana kusan 20, ga kawalwalniya tana sheƙi a gabanmu kamar tafki, zango a bayanmu ya koma ɗan baƙin zare. Muka same ta kwance, iska tana jan laimar a hankali. Sharaɗin gwajin shi ne ta dawo yadda za a iya sake harba ta, don haka bai gyara komai ba, ya ɗauko ta yadda take ya kai wa masu shaida. Suka juya ta, suka ja igiya, suka duba fikafikai, suka sa hannu. Sarkin fili ya taso daga kujerarsa ya ba shi hannu.

Ranar Lahadi da safe yaron ya sayo mini ƴar ƙaramar rokar kamfanin Estes da injin C6-5, ya ce sai na harba tawa. Na tambaye shi ma'anar lambobin don in ji ko ya sani, ya ce C ƙarfin gaba ɗaya, 6 matsakaicin turi a Newton, 5 sakan na jinkiri kafin laima. Na cike kati, na bi layi tare da yara ƴan firamare, wani sabon mai duba ya girgiza fikafikan tawa kamar yadda aka yi wa manya. Ta tashi da ɗan tsaki, ta sauko ba nisa.

Da azahar iska ta wuce iyaka, aka rufe fili ana saura mutum 6 a layi, ba wanda ya yi ƙorafi. Dattijon ya kira masu kula da jirage ya ce an gama. Aka naɗe wayoyi, aka tumɓuke sanduna, sannan muka jeru kafaɗa da kafaɗa muka taka filin daga igiya har sandar ƙarshe muna tsintar guntun waya, tef da murafen roba, don filin na BLM ne, hukumar kula da filayen gwamnatin Amurka, kuma sharaɗinta a bar shi yadda aka same shi. Na so in taho da ƙonannen kwankon injina in nuna wa ɗalibaina, yaron ya ce kada in shiga jirgi da shi, yana warin albarushi. Sai na roƙi mai lasifika katin tashi guda da ba a cike ba, ta ba ni biyar. A bayan ɗaya na kwafe haruffan inji da nisan kowanne, ina rubutu a kan gwiwa mota tana girgiza, har tayarmu ta hau kwaltar Gerlach.